Na ɗaga fad a wayoyi uku cikin mako ɗaya: laifin bakin ayon ne ko na hannuna?

Sabon Hannu: Assalamu alaikum iyayen gida da yayyena. Wata bakwai ke nan ina koyon gyaran waya a Farm Centre, nan Kano. Canza sikirin da batir duk na iya, amma aikin dalma a kan fanel, wato allon cikin waya da ƙananan kayanta ke zaune a kai, ya tsaya mini a wuya. A makon nan kaɗai wayoyi uku na ɗaga wa fad, wato ɗan filin jan ƙarfen da ake liƙa ƙafar kaya a kai, wajen canza bakin caji, ɗaya ma sai da maigidana ya zauna ya ja mata jamfa, wato siririyar wayar da ke maye gurbin layin da ya yanke, kafin ta karɓi caji. Ayon ɗina, wato ƙarfen da nake narkar da dalma da shi, irin 936 ɗin nan ne na kasuwa. Bakin ayon da nake sawa mai tsini ne kamar allura, don ina ganin ƙafafun bakin cajin ƙanana ne, sai siririn baki. Ina ɗora shi a kan ƙafa, dalmar ba ta narkewa, sai in ƙara zafi har digiri 450, in danna. Kafin in ankara fad ya biyo bakin. Shi kansa bakin kwana biyu ya yi baƙi ƙirin, dalma ba ta kama shi, sai na goga masa samfefa yake ɗan yin aiki. Don Allah a ina nake kuskure?

Mai Bulowa: Wa alaikumus salam ƙanena. Wa ya ce maka da ayon ake cire bakin caji? Kunna bulowa mai hura iska mai zafi, sa fulos, man nan da ke sa dalma ta kama, minti ɗaya ka gama. Ka ajiye ayon ɗin nan ka huta.

Oga Mai Fanel: Wa alaikumus salam. Mai Bulowa, bari mu fara gyara masa ayon ɗin tukuna, don ko ya cire da bulowa dole ya dawo kan ayon wajen share fad da ɗaure ƙafafu.

Ƙanena, abu uku ka faɗa, kuma ukun a haɗe suke. Lambar da kake gani a jikin na'ura, 450 ɗin nan, zafin abin da ke cikin hannun ayon ne, ba zafin da ke isa ga fad ba. Zafi ta wurin da baki ya taɓa fanel yake wucewa. Allura kuwa wurin da take taɓawa bai fi ɗigon biro ba, kuma naman ƙarfen da ke tsininta kaɗan ne, da ta taɓa fanel ta huce. Kamar ka ce za ka cika randa da cokalin shayi ne. Su kuma ƙafafun gefen nan huɗu masu riƙe bakin caji, a haɗe suke da babban shimfiɗin jan ƙarfe da ke cikin fanel, wato giraun. Fanel ɗin waya hawa-hawa ne, wannan shimfiɗin yana shanye zafi yana watsa shi ko'ina. Kai kana zuba kaɗan-kaɗan, shi yana kwashewa.

To da ka ga ba ta narke ba sai ka ƙara lamba, ka kuma danna. Fad ɗin nan siririn jan ƙarfe ne da aka manna a kan fanel, in ya daɗe cikin zafi abin da ya riƙe shi yana laushi. Zafi mai tsawo da danni, su ne suke ɗaga fad. Ka nemo baki mai kama da wuƙa, wanda ake rubuta wa K, ko mai faɗi kamar kurfi, wanda ake rubuta wa D, misali 1.6D ko 2.4D. Ka sauko da zafi zuwa 330 ko 350. Za ka sha mamaki yadda dalma za ta narke da wuri fiye da yadda take yi maka a 450.

Sabon Hannu: Oga, na gode. Amma wuƙar nan ba za ta haɗe mini ƙafafun ba? Na USB-C fa tazarar da ke tsakaninsu rabin milimita ce.

Oga Mai Fanel: Ba girman baki ne ke haɗe ƙafafu ba, rashin fulos ne da yawan dalma. In akwai fulos, narkakkiyar dalma ƙarfe mai tsabta take bi, ba ta son zama a kan koren fentin da ke tsakanin fad da fad. Da kanta take rabuwa.

Baba Mai Rediyo: Salamu alaikum 'ya'yana. Ni maganar samfefar nan ce ta tsaya mini a rai. Yaro, kada ka sake. Na san inda abin ya samo asali, daga wurinmu ne. Lokacin da muke gyaran rediyo da talabijin mai ƙusumbi, bakin ayon jan ƙarfe ne zalla. In ya cinye sai mu ɗauko magagari mu gyara masa fuska, mu shafa masa dalma, a ci gaba da aiki. Daidai ne a wancan lokacin. Na yanzu ba haka aka ƙera su ba. Cikinsu jan ƙarfe ne, don shi ne mai saurin kai zafi, amma an yi masa siririyar riga ta baƙin ƙarfe a waje. Dalilin rigar shi ne narkakkiyar dalma tana cin jan ƙarfe sannu a hankali. Ranar da ka goge rigar nan da samfefa, ka buɗe wa dalma ƙofa, za ka ga rami ya fito a bakin, daga nan ya gama yawo.

Baƙin da kake gani tsatsa ce irin ta zafi. Baki tsirara a 450 cikin iska, dole ya yi baƙi, kuma tsatsar nan ba ta barin zafi ya wuce. Ka ga ashe kai da kanka kake ƙara toshe hanyar. Maganinsa mai sauƙi ne. Duk lokacin da za ka ajiye ayon, ko na minti biyu ne, ka lulluɓe bakin da dalma, ka bar ta a kai. Sai za ka ɗauka ka goge. Mafi yawan yara akasin haka suke yi, su goge shi tas sannan su ajiye. In ba aiki kake ba ka rage zafin ko ka kashe. Ni akwai bakin da na shekara biyu da shi a kan wannan tsarin.

Sabon Hannu: Allah ya ƙara girma Baba. Wallahi gogewa nake yi kafin in ajiye, ina ganin tsabta ce. Wanda ya riga ya yi baƙi fa, ya mutu ke nan?

Baba Mai Rediyo: In ba ka riga ka huda rigar ba yana dawowa. Sauko da zafi wajen 280, ka tsoma shi a fulos, ka ba shi dalma mai yawa, ka goge a soson ƙarfen nan mai ruwan zinare, ka maimaita sau biyar ko shida. Akwai kuma ɗan gwangwanin da ake sayarwa na farfaɗo da baki. Amma wanda ya sha samfefa sau da yawa, ka haƙura da shi.

Mai Bulowa: Baba, ina girmama maganarku, amma ni har yanzu ina kan bakana. Yaron nan bakin caji ya ce. Ƙafafu huɗu na gefe, ga ƙanana a jere, wasu nau'in USB-C ɗin ma layi biyu ne, ɗaya a ƙarƙashi inda ayon ba ya isa. Ta yaya zai narkar da su lokaci ɗaya da ayon? Duk wanda ya ce zai cire wannan da ayon kaɗai, fad zai ɗaga, ko da wane irin baki ne.

Oga Mai Fanel: A nan kam ka yi gaskiya, ban musa ba. Mai ƙafa 24 mai layi biyu sai iska. Abin da ban yarda da shi ba shi ne "minti ɗaya ka gama". Wayoyi nawa aka kawo mini an canza bakin caji, caji ya dawo, amma mai waya in ya kira ba a jin maganarsa? Makirfon yana nan dab da bakin caji a yawancin wayoyi, ɗan ƙaramin abu mai huda. Iska mai zafi ta yi masa yawa ko fulos ya shiga hudar, ya tafi. Ga soket ɗin roba a gefe, shi ma narkewa yake. Wanda bai iya sarrafa zafin ayon ba, in ka miƙa masa bulowa ɓarnar da zai yi ta fi ta da.

Ga yadda nake yi. In cire batir tukuna, kullum. In ɗauki ayon mai bakin wuƙa in ƙara sabuwar dalma a kan ƙafafun gefe huɗun nan, ta gauraya da ta kamfani. In rufe makirfon da soket da tef ɗin nan ruwan zuma mai jure zafi, Kapton. Sannan in kawo iska, in fara daga nesa ina zagayawa don fanel ɗin duka ya ɗumama, kafin in matso. Ba na jan bakin cajin. Ina ɗan taɓa shi da hantsaki, in ya motsa da kansa sai in ɗaga. In bai motsa ba, lokaci bai yi ba.

Sabon Hannu: Oga, me ya sa ake ƙara dalma alhali cirewa za a yi?

Injiniya 'Yar Kaduna: Assalamu alaikum. Oga, ka ba ni dama in amsa masa wannan. Ƙanena, abin da muke kira dalma ba ƙarfe ɗaya ba ne, haɗi ne. Wadda muka saba da ita kuza ce da dalma ta ainihi. In ka ga an rubuta 63/37 a jikin naɗin, kashi 63 kuza, kashi 37 dalma, tana narkewa a digiri 183 cif. Mai 60/40 kuma tana farawa a 183, ta gama wajen 190. Amma tun watan Yulin 2006 dokar Tarayyar Turai da ake kira RoHS ta fara aiki, wadda ta taƙaita sa dalma ta ainihi a kayan lantarki saboda gubarta. Kamfanoni suka koma wani haɗin, wanda ya fi yaɗuwa shi ne SAC305: kuza kashi 96.5, azurfa kashi 3, jan ƙarfe rabin kashi. Wannan sai wajen 217 zuwa 220 take narkewa. Ita ce a kan fanel ɗin wayar da ke hannunka. Ka ga tazarar ta haura digiri 30. In ka gauraya ta da mai 183, zafin da ake buƙata ya sauko, fanel ya huta, fad ya huta.

Akwai kuma wadda ake sayarwa a sirinji ko ɗan kwano an rubuta 138. Wannan kuza ce da wani ƙarfe, bismut. Wajen cirewa tana da daɗi ƙwarai. Amma ina roƙon 'yan'uwa, kada a bar ta a kan bakin caji. Tana da gautsi, wurin da ake sokawa ana zarewa kullum ba zai daɗe ba zai tsage. Abin da ya fi wannan, in bismut ya haɗu da kuza da dalma ta ainihi, akwai haɗin da ke fitowa mai narkewa a ƙasa da digiri 100, wajen 96. In ka yi amfani da ita ka cire, ka bi da lagwanin jan ƙarfe ka tsotse ta tas kafin ka sa sabuwa.

Mai Bulowa: Injiniya, ni fa da 138 nake ɗaura bakin caji tun bara, ban ga wanda ya dawo ba.

Injiniya 'Yar Kaduna: Yaya, ba kowa ke dawowa wurin wanda ya yi masa aiki ba, wani gaba yake yi ya kai wa maƙwabcinka. Ka gwada da kanka a kan mataccen fanel: ɗaura ɗaya da 138, ɗaya da 183, ka soka caja kana lanƙwasawa sama da ƙasa, ka ga wanda zai fara sakewa.

Mai Bulowa: To, zan gwada. In ya tabbata zan dawo in faɗa a nan.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum mutanen Najeriya. Ina biye da ku daga Damagaram. Ni matsalata ta kuran ce, wato wutar lantarki, in an ɗauke sai aiki ya tsaya, ga salula goma a tebur. Wane ayon ne zai yi aiki da batirin sola kai tsaye? Kuma mene ne bambancin T12 ɗin nan da ake ta magana da 936?

Injiniya 'Yar Kaduna: Wa alaikumus salam Malam. Bambancin a cikin baki yake. Tsarin 936, wanda asalinsa na kamfanin Hakko ne na Japan, bakin hula ce da ake zura wa sandar da ke yin zafi. Tsakanin sandar da hular akwai 'yar iska, kuma abin da ke auna zafi yana jikin sandar. In baki ya huce a kan fanel, sai an ɗan jima na'urar take sani. A na kasuwa da ba a auna su da kyau ba, hular takan yi sako-sako, abin ya ƙara muni. A tsarin T12 kuwa, da abin zafin da abin aunawar da bakin duk a dunƙule suke cikin sanda ɗaya, shi ya sa cikin daƙiƙoƙi yake yin zafi, kuma da ya taɓa giraun yake ƙaro wuta. Haka C210 da C245 na kamfanin JBC na Sifen suke, C210 na ƙananan aiki a ƙarƙashin madubin ƙara girma, C245 na wurin da ke shan zafi.

Maganar sola, akwai ƙananan ayon irin TS100 da Pinecil masu aiki da wutar batir. TS100 yana karɓar bolt 12 zuwa 24. Sai dai ka lura, ƙarfinsa yana bin bolt ɗin: a 12 wajen wat 17 kawai yake bayarwa, a 19 wajen 40, a 24 ya kai 65. In ka jona shi da batir ɗaya mai 12, rasista da kafasita zai yi maka, amma ƙafafun gefen bakin caji za su ba ka wahala. Batir biyu a jere ko ɗan abin ɗaga bolt zuwa 19 ko 20 ya fi.

Ɗan Damagaram: Madalla, Allah shi saka da alheri. Ashe shi ya sa na wani abokina bai da ƙarfi, a 12 yake jona shi.

Baba Mai Rediyo: Tunda an zo maganar wuta, ku bar ni in ƙara ɗaya. Ayon mai araha da ake sokawa kai tsaye a soket, wanda ba shi da waya ta uku ta ƙasa, wani lokaci wuta tana yoyo zuwa bakinsa. A rediyon da ba komai, amma IC ɗin waya, wato ɗan baƙin guntun nan da ke kan fanel mai sarrafa aikinta, ba ya ɗaukar wannan. Ku sa mita tsakanin bakin da ƙasa ku gani, musamman in da janareto kuke aiki. Sannan lokacin hunturu, da iska ta bushe, kun san yadda mutum ke taɓa ƙofar mota ta ɗan ja shi. Wannan ɗan jan ya isa ya kashe IC ba tare da ka ga alama ba. Ku riƙa taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa kafin ku ɗauki fanel, ko ku ɗaura abin hannun nan mai waya da ake haɗawa da ƙasa.

Sabon Hannu: Ina ta rubutawa a littafi. Saura tambaya ɗaya, ƙananan kafasita da rasista. In na zo sawa sai su manne a bakin ayon, ko su miƙe tsaye a kan ƙafa ɗaya.

Oga Mai Fanel: Kada ka fara koyo a kan na waya. Na waya akwai 0201, tsawonsa milimita 0.6, faɗinsa 0.3, har da wanda ya fi shi ƙanƙanta. Nemo mataccen fanel na dikoda ko na rediyon mota, za ka samu 0805, mai milimita 2, da 0603, mai 1.6. In hannunka ya zauna a kansu ka sauko 0402, mai milimita 1.

Yadda ake yi: ka share fad biyun da lagwani su kwanta. Ka sa 'yar dalma a kan fad ɗaya kawai. Ka shafa fulos. Hantsaki a hannun hagu riƙe da kafasitar, ayon a dama. Ka narkar da dalmar, ka turo kafasitar ta shiga cikinta daga gefe, ka janye ayon tukuna, ka ƙirga biyu, sannan ka saki hantsaki. Mannewar da take yi a bakinka, hantsakin kake fara saki. Sai ka juya ka yi ɗaya ƙafar, ka dawo ta farko da ɗigon fulos ka gyara ta. Kowace taɓawa kada ta wuce daƙiƙa biyu zuwa uku. Kuma ka kafa gefen tafin hannunka a kan tebur, hannun da ke rataye a iska dole ya yi rawa.

IC mai ƙafafu a gefe kuma, ka daidaita shi, ka kama ƙafa ɗaya a wannan kusurwa, ɗaya a kusurwar da ke fuskantarta. Ka duba da madubi ko kowace ƙafa tana kan fad ɗinta, don bayan nan babu gyara cikin sauƙi. Ka zuba fulos a layin, ka ɗauki 'yar dalma a bakin wuƙa ko mai kofato, wanda ake rubuta wa C ko BC, ka ja shi a hankali a kan ƙarshen ƙafafun daga farko zuwa ƙarshe, ba danni, nauyin ayon ɗin ya isa. In biyu na ƙarshe sun haɗe, goge bakin, ƙara fulos, ka shafo su zuwa waje. In ta ƙi, lagwani. Shi ma lagwanin ka yanko ɗan guntu ka riƙe da hantsaki, kuma ka ɗaga shi tare da ayon lokaci ɗaya. In ka ɗaga ayon ka bar shi, zai daskare a kan fad, kana ja fad ya biyo shi. Ina zargin ɗaya cikin ukun da ka ɗaga ta nan ne.

Sabon Hannu: Wallahi Oga haka aka yi, ta biyun da lagwani ne.

To allurar fa, ba ta da amfani ke nan?

Oga Mai Fanel: Tana da shi. Jan jamfa da siririyar waya a kan layin da ya yanke, ko taɓa ƙafa ɗaya a wuri mai cunkoso. Nan ne gidanta, ni ma mai lanƙwasar nan nake sawa. Amma aikin yini da wuƙa nake yinsa, tsininta na ƙananan wurare, faɗinta na manya.

Injiniya 'Yar Kaduna: Kafin a watse, fulos ɗin ma a duba wanda ake saye. Wanda masu liƙin lagireto da masu famfo ke amfani da shi mai asid ne, zai kama da kyau yau, bayan 'yan makonni ya cinye layukan fanel. Na lantarki daban ne. In an gama a wanke da sifirit ɗin IPA mai kashi 99 da ɗan buroshi, a kiyaye hudar makirfon.

Sai lafiyarmu. Hayaƙin da ke tashi ba dalma ba ce, dalma ta ainihi sai zafi ya haura 1,700 take tafasa. Fulos ne ke ƙonewa, kuma shaƙarsa yau da gobe yana jawo asma. Ɗan fankan kwamfuta a gefen tebur yana jan hayaƙin waje ya wadatar. Ita gubar dalma ta hannu take shiga, zuwa baki. Na sha ganin mai gyara ya riƙe wayar dalma da haƙori don hannuwansa biyu na aiki, ko ya ajiye ayon ya sa hannu a kwanon abinci. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, yara wajen 400 suka rasu. Can daga dutsen zinare ta fito, yawanta ba ɗaya ba ne da namu, amma gubar ita ce dai, kuma yara ta fi kamawa. A wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci, kafin kuma a ɗauki yaro in an koma gida.

Baba Mai Rediyo: Allah ya yi miki albarka 'yata. Riƙe dalma da haƙori mun yi shi shekaru, ba wanda ya gaya mana. Ku da kuka ji, ku daina.

Sabon Hannu: Assalamu alaikum, na dawo da bayani bayan kwana huɗu. Na sayi bakin K da 2.4D. Na samo fanel ɗin tsohuwar dikoda, na cire 0805 guda talatin na mayar, biyu ne kawai suka karkace. Jiya maigidana ya ba ni wata waya mai ƙaramin bakin caji irin na da, mai ƙafa biyar. Na ƙara dalma a ƙafafun gefe, na rufe makirfon, na cire da iska, na share da guntun lagwani, na ɗaura sabo da wuƙa a 340. Fad ko ɗaya bai tashi ba, tana caji, an gwada kira ana ji. Bakin kuma har yanzu fari ne tas, ina barinsa da dalma in zan ajiye.

Abin da ya rage mini, ƙafafun gefen ta bayan fanel dalmar ba ta cika ramin ba, ta tsaya rabi. In ƙara zafi ne?

Oga Mai Fanel: Kada ka taɓa lambar. Sa 2.4D, ka kwantar da faɗinsa ya taɓa ƙafar da zoben ramin lokaci ɗaya, da 'yar dalma a tsakani. Kafin nan ka ɗan ɗumama fanel ɗin da iska daga nesa, yadda giraun ba zai shanye maka zafin ba. Fulos ta ɓangaren biyu. Za ka ga dalmar ta nutse cikin ramin da kanta. Turo hoton bayan fanel ɗin in ka yi, ina son in ga yadda ta zauna.

Mai Bulowa: Ni ma na yi gwajin da Injiniya ta ce. Na 138 ne ya fara sakewa, ƙafar gefe ta hagu ta tsage. Akwai wayoyi biyu da na yi wa aiki shekaranjiya ba a zo karɓa ba tukuna, yanzu zan buɗe su in sake da 183.